Littafin awon nauyina: ruwa, gishiri da kitse

1 ga Satumba

Kilo 84.6. Likita ta ce sukarin jinina ya kusa bakin iyaka, ga gwiwoyina da suka fara damuna in na hau bene. Muka tsayar da shawara in rage kamar kilo takwas, a hankali, ba tare da horar da kaina da yunwa ba. Zan rage kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) daga abin da jikina ke ƙonawa a rana, in rage kayan zaƙi da abinci mai sitaci, in riƙa tafiyar ƙafa da yamma.

Ga yadda zan riƙa awo. Kowace safiya, bayan na yi fitsari, kafin in sa komai a bakina, da tufa iri ɗaya. Sikelin zai zauna a wuri guda, a kan daɓe mai tauri, don in aka ɗora shi a kan kafet lambarsa takan canza. A gefen kowace lamba zan rubuta yadda na yi barci, ko abincin jiya ya yi gishiri, ko na yi bayan gida, da kuma inda nake a lissafin al'adata.

Akwai lissafi ɗaya da na rubuta a cikin bangon littafin nan don in riƙa ganinsa kullum. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. In na rage 500 a rana, abin da zai narke na kitse bai wuce giram 65 ba. A mako bai cika rabin kilo ba. Duk wata lamba da sikeli zai nuna mini nan gaba, da wannan zan gwada ta.

7 ga Satumba

Kilo 82.3. Fiye da kilo biyu sun tafi cikin mako ɗaya, kuma na ji daɗi sosai, ba zan ɓoye ba. Sai dai lissafin bangon littafi ya ce kitsen da ke ciki bai kai rabin kilo ba. To, ina sauran?

Jiki yana ajiye sukari a hanta da cikin tsoka a wata siffa da ake kira gilaikojin. A babban mutum, hanta takan riƙe kamar giram 100, tsoka kuma wajen 400. Wannan ajiyar ba a bushe take ba. Tun a 1970 wasu masana biyu a Suwidin, Olsson da Saltin, suka nuna cewa kowane giram na gilaikojin yana tafiya ne da giram uku zuwa huɗu na ruwa. Da mutum ya rage abinci, musamman mai sitaci, wannan ma'aji jiki ke fara taɓawa, kuma duk giram ɗin da ya ƙone sai ya saki ruwan da ke tare da shi. Haka nan in insulin, wato homon (sinadarin saƙo na jiki) mai daidaita sukari, ya sauka a jini, ƙoda takan ƙara sakin gishiri, ruwa kuma ya bi shi. Na ga alamar hakan da kaina: a daren Laraba da na Alhamis fitsari ya yi ta tashina daga barci. A ƙara da cewa abincin da ke kwance a hanji ma ya ragu, tunda abin da ake zubawa ya ragu.

Ina ganin a nan mutane da yawa ke fara shiga damuwa ba su sani ba. Makon farko yana ba su kilo biyu, sai su ɗauka haka kowane mako zai riƙa bayarwa. In na biyu ya zo da giram 400, sai su ce tsarin ya daina aiki, alhali a lokacin ne ma aikin gaske ya fara bayyana.

12 ga Satumba

Jiya da safe 82.0. Yau 83.4.

Sai da na sauka na sake hawa, lambar ba ta canza ba. Gabana ya faɗi, duk da abin da na rubuta a nan kwana biyar da suka wuce. Sanin abu daban, ganin lambar a ƙarƙashin ƙafafunka daban. Zoben hannuna ya matse, fatar idona ta ɗan tasa, bakina a bushe.

Na zauna na yi lissafi. Kafin kilo 1.4 na kitse ya taru a jikina, sai na ci kalori kusan 10,800 a kan abin da nake ƙonawa. Abincin kwana biyar ke nan a zama ɗaya. Abin da ya faru jiya shi ne an gayyace ni cin abincin dare a waje, na ci abinci mai gishiri sosai da sitaci fiye da yadda na saba a 'yan kwanakin nan, kuma na ci a makare, na yi ta shan ruwa har na kwanta.

Gishiri ne babban mai riƙe ruwa a jiki. Jiki yana tsare yawan sodiyam, wato sinadarin gishiri, da ke cikin jini a ƙunƙuntar iyaka, tsakanin 135 da 145 a ma'aunin da dakunan gwaji ke amfani da shi. In aka mayar da wannan zuwa gishirin girki, kowace lita ta ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki tana ɗauke da kamar giram takwas. In gishiri ya shigo da yawa, jiki ba zai bari jini ya yi kauri da shi ba. Sai ƙwaƙwalwa ta tayar da ƙishirwa, ta kuma saki wani homon mai suna basofiresin wanda ke sa ƙoda ta rage fitsari. Ruwan zai zauna har sai ƙoda ta gama tace rarar gishirin, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce cif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram biyar na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, amma abincin waje sau ɗaya yana iya kai wannan ko ya wuce. Ga kuma sitacin da ya sake cika ma'ajin tsokata da hantata, kowane giram da ruwansa. Ga nauyin abincin kansa, wanda har yanzu yana cikin hanji.

Na yanke shawara ba zan tsallake karin safe ba, ba zan rage shan ruwa ba, ba zan ƙara tsawon tafiyata don in biya bashin jiya ba. Abincin yau daidai da na shekaranjiya.

15 ga Satumba

81.8. Ya tafi duka, har da ɗan ƙari. A rana ta biyu ne fitsari ya yawaita, zoben ya saki.

18 ga Satumba

Na yi wani ɗan gwaji a daren nan biyu: na auna kaina dab da kwanciya, na sake aunawa da safe bayan fitsari. Bambancin ya kai giram 700 a dare ɗaya, 900 a ɗayan. Wannan ya sa na lura da wani abu da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Mutum ba ya ƙara nauyi yana barci. Ba zai yiwu ba, sai in ya tashi ya ci ko ya sha. Abin da muke kira hawan dare ɗaya shi ne an zuba wa jiki da yawa da rana, shi kuma ya saki kaɗan da dare. Nauyin ya shiga tun jiya, safiya ce kawai ta nuna shi.

Wani ɓangare na abin da ke fita da dare ba a ganinsa. Akwai wani likita ɗan Italiya, Santoriyo, da ya koyar a Jami'ar Paduwa. Ya ƙera kujera a rataye a jikin ma'auni, ya shafe kusan shekara talatin yana auna kansa, da abin da ya ci ya sha, da abin da ya fitar. Ya wallafa sakamakon a 1614, ya nuna cewa abin da ke shiga jiki ya fi abin da ake gani yana fita nesa ba kusa ba, sauran kuma ta fata da numfashi yake bi. Mutumin nan yana burge ni, saboda haƙurin da ya yi a kan tambaya ɗaya.

Shi kansa kitsen ta numfashi ya fi fita. A 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown a Ostireliya suka yi lissafin cewa in kilo goma na kitse ya ƙone a jiki, kilo 8.4 yana fita ne ta huhu a matsayin iskar kabon dayoksaid, sauran 1.6 ya zama ruwa. Wato abin da nake nema yana fita ne kaɗan-kaɗan da kowane numfashi, dare da rana, giram 65 a yini, yayin da ruwa ke iya hawa ko sauka da kilo guda tsakanin jiya da yau. Sikeli kuwa ba ya bambance aya da tsakuwa. Ƙashi, tsoka, jini, ruwa, abincin da ke hanji, fitsarin da ke mara, duk lamba ɗaya yake ba su. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, don haka a jiki irin nawa canjin kashi biyu ko uku cikin ɗari na ruwan kawai ya isa ya motsa sikeli da kilo ɗaya.

Daga yau na ƙara layi a littafin. Duk ranar Lahadi zan haɗa lambobin kwana bakwai in raba da bakwai. Da wannan matsakaicin kaɗai zan riƙa yanke hukunci.

24 ga Satumba

82.5, kuma kwana uku ke nan yana hawa ba tare da na canza komai a abincina ba. Al'adata ta kusa. Cikina ya kumbura, ƙirjina ya yi nauyi, bayan gida ya yi tauri.

A rabin ƙarshe na zagayen wata, homon ɗin mace suna canzawa, kuma wannan canjin yana shafar yadda ƙoda ke riƙe gishiri da ruwa, yana kuma rage saurin tafiyar hanji. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2011, ya bi mata tsawon shekara guda suna rubuta yadda suke ji, ya gano cewa jin kumburin ruwa yana kaiwa ƙololuwa a ranar farko ta zuwan jini. Yana ba ni takaici yadda yawancin jadawalin rage ƙiba ke nuna layi miƙe yana gangarowa mako bayan mako, kamar jikin mace ba shi da wannan zagayen. Mace takan kiyaye abincinta tsaf har mako uku, a na huɗu sikeli ya hau, ta ɗauka ta gaza, ta watsar da komai. Ba wanda ya gaya mata cewa makon nan da irinsa na watan jiya ake gwada shi.

Matsakaicin makon nan zai fito kusa da 81.9, na makon jiya 81.8. Na ja layi a ƙarƙashinsa don in dawo kansa wata mai zuwa.

30 ga Satumba

80.9. Jinin ya zo ranar 26, zuwa rana ta uku ruwan ya fara sauka.

3 ga Oktoba

Ƙanwata ta zo, ita ma tana ƙoƙarin rage ƙiba. Ta fito da wani kwalin ƙwayoyi daga jakarta ta ce, "Yaya, wannan fa yana aiki. Wata ƙawata ta sha, kwana biyu ta rage kilo biyu." Na karɓa na duba, maganin sa fitsari ne, irin wanda ake ba masu ciwon zuciya da na ƙoda.

Na ce mata, "Auta, zauna mu yi magana. Kilo biyun da ƙawarki ta rage, lita biyu ce ta ruwa. Kitsenta yana nan inda yake." Ta ce to ai ko ruwan ne ya fita an samu sauƙi. Na yi mata bayanin abin da na sani. Irin wannan magani yana tilasta wa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, kuma tare da su sinadarin fotasiyam yana fita, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. In ya yi ƙasa sosai, mutum na iya samun kasala, murɗewar tsoka, har da rikicewar bugun zuciya. Sannan jiki ba ya zuba ido. Da ya ji ruwan jini ya ragu, sai ya ƙara sakin homon aldosteron mai sa ƙoda ta riƙe gishiri. Ranar da aka daina shan ƙwayar, wannan umarnin yana nan da ƙarfinsa, sai mutum ya kumbura fiye da da. Ya ga kumburin ya tsorata, ya koma wa maganin. Haka wasu ke maƙalewa a kansa shekara da shekaru. Shayin da ake tallatawa da sunan wanke ciki ma hanyarsa ke nan, zawo da fitsari, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, ni in na ga ya hau sai in daina shan ruwa." Wannan ya fi damuna, don na san mutane da yawa na yin haka. Ƙoda tana tace kusan lita 180 na ruwan jini a rana, ta mayar da kusan duka, ta bar lita ɗaya zuwa biyu ya zama fitsari. Da ruwa take fitar da rarar gishiri. In ka hana ta ruwa, ƙara riƙewa za ta yi. Ta bar mini kwalin, ta kuma yarda za ta fara rubuta nata awon.

8 ga Oktoba

Na fara ɗaga ƙarfe marar nauyi shekaranjiya, bisa shawarar likita, don kada tsokata ta zube tare da kitse. Yau cinyoyina da kafaɗuna suna ciwo, sauka daga bene ma da ƙyar. Sikeli ya ce 81.6, daga 80.7.

Wannan na sa ran ganinsa. Aikin da tsoka ba ta saba ba yana yi mata 'yan ƙananan raunuka, jiki kuma ya tura ruwa da ƙwayoyin gyara zuwa wurin. Ciwon yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72 bayan motsa jikin, kumburin ma yana tare da shi. Bayan haka, tsokar da ake horarwa tana koyon ajiye gilaikojin fiye da da, ruwan jini ma yana ƙaruwa a wanda ya fara motsa jiki a kai a kai. Duka biyun alheri ne ga lafiya, duka biyun kuma nauyi ne a kan sikeli.

19 ga Oktoba

Wannan ne lokaci mafi wuya tun da na fara. Matsakaicin makon jiya 81.1, na wannan makon 81.0, na makon da ya gabace su 81.0. Ina auna abincina, ina tafiyata, ina ɗaga ƙarfena, lambar ta tsaya cik. Ga aiki ya yi mini yawa a ofis, barcina bai wuce awa biyar ba a yawancin darare, kuma in na cire safa da yamma sai in ga shatinta a ƙwaurina saboda dogon zama.

Zuciyata tana ta raya mini in ƙara rage abinci. Abin da ya hana ni shi ne tef ɗin awo. Na auna ƙuguna a daidai cibiya ranar da na fara, santimita 98 ne. Yau 93. Siket ɗin da ke matse ni a watan Agusta yanzu yana juyawa a jikina. Kitse na tafiya, wani abu ne ke cike gurbin nauyinsa.

Na koma na karanta labarin gwajin yunwa da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin Ancel Keys. Maza 36 ne suka ba da kansu, mutanen da suka ƙi ɗaukar makami a Yaƙin Duniya na Biyu saboda aƙidarsu, don a koyi yadda za a farfaɗo da waɗanda yunwar yaƙi ta galabaitar a Turai. Mako 24 aka yi ana ba su kalori wajen 1,570 a rana, suna tafiyar kilomita 35 a mako, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Da tafiya ta yi nisa, da yawansu suka kumbura a idon sawu da gwiwa da fuska, kumburin kuma ya ɓoye ramar da suke ci gaba da yi. Da aka fara ƙara musu abinci, wasunsu sai nauyinsu ya ƙara sauka a farko, saboda ruwan da ya taru ya samu hanyar fita. Abin da nake yi bai yi kusa da wahalar da mutanen nan suka sha ba, kuma ina girmama su da abin da suka ɗauka don wasu. Amma gwajinsu ya tabbatar da cewa jikin da aka takura yana iya riƙe ruwa har ya rufe ainihin abin da ke faruwa a ciki. Rage abinci da tsanani da damuwa duk suna ɗaga homon kotizol, shi kuma in ya yi yawa yana taimaka wa ƙoda riƙe gishiri. Ƙara matsa wa kaina a wannan hali ba zai kawo abin da nake nema ba.

Akwai wani bayani da ke yawo cewa wai ƙwayoyin kitse in sun zubar da mai sai su cika da ruwa na ɗan lokaci, daga baya su sake shi gaba ɗaya. Yana da daɗin ji, amma ba a tabbatar da shi da bincike ba, kuma ba ma buƙatarsa. Gishiri, gilaikojin, homon, kumburin tsoka da abin da ke hanji sun isa su bayyana abin da nake gani.

Abin da zan canza shi ne barci. Zan ajiye waya da wuri, in kuma riƙa miƙewa daga kujera duk bayan awa ɗaya. Abinci zai zauna yadda yake.

29 ga Oktoba

79.4. Ranar 24 yana 81.4, ranar da jinin ya zo. Kilo biyu cikin kwana biyar, kuma na san ba a kwana biyar ɗin nan kitsen ya narke ba. Tun farkon wata yake narkewa. Ruwan al'ada da na tsoka ne suka sauka kusan lokaci guda, barcina ma ya gyaru a makon nan. Alhamdulillahi da ban rage abincin ba.

Sikelina yana cikin masu nuna kason kitse ta hanyar tura ɗan ƙaramin lantarki ta tafin ƙafa. Na daina duba wannan lambar. Lantarki yana bin ruwa ne, don haka duk ranar da ruwan jikina ya canza, kason kitsen da yake nunawa sai ya yi tsalle.

6 ga Nuwamba

Yau ba nawa awon zan rubuta ba. Na je gaida gwaggona, mai fama da hawan jini tun da daɗewa, na tarar ƙafafunta biyu sun kumbura har ƙwauri. Na danna da yatsa, ramin ya zauna bai ciko da wuri ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙiba ce kawai, kwanan nan kayana duk sun matse ni." Na tambaye ta yadda take kwana, ta ce sai ta tara matashin kai uku, in ta kwanta sosai numfashinta yakan ɗauke. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, yau za mu ga likita, ba gobe ba." Aka duba ta, aka ce zuciyarta ce ta yi rauni, ruwa ya taru. An ba ta irin maganin da ƙanwata ta kawo mini, ita da take da buƙatarsa, da gwajin jini a kai a kai. An kuma ce ta riƙa auna nauyinta kowace safiya.

Wata biyu ina rubuta cewa ruwa ne, zai wuce, don haka dole in rubuta iyakar wannan magana a fili. Hawan da ke zuwa bayan abinci mai gishiri, ko kafin al'ada, ko bayan motsa jiki, yana sauka da kansa cikin 'yan kwanaki, kuma mutum yana jin kansa lafiya. Wanda ke hawa kullum ba ya dawowa, ko ya zo da ƙarancin numfashi, ko kumburin da ke riƙe shatin yatsa, wannan na likita ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai tana gaya wa masu raunin zuciya su nemi likita in sun ƙara fiye da kilo biyu cikin kwana uku. Kumburin fuska da safe tare da fitsari mai kumfa yana iya nuna ciwon ƙoda. Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura tana zafi da ciwo tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, ba a kwana da shi. Mai juna biyu da fuskarta da hannayenta suka kumbura farat ɗaya, musamman da ciwon kai ko dishi-dishin gani, a kai ta asibiti nan take. Wasu magunguna ma suna sa riƙe ruwa ko kumburin ƙafa, irin su ibuprofen, prednisolone da amlodipine, kuma wanda likita ya ɗora a kansu ya koma ya gaya masa, kada ya daina da kansa.

Sikelin da ke tayar wa mai rage ƙiba hankali a banza, shi ne yanzu zai riƙa gaya wa gwaggo lokacin da ya kamata ta koma asibiti. Na saya mata ɗaya mai manyan lambobi, na rubuta mata nauyin da likita ya ce ta riƙa gwadawa da shi a takarda, na manna a bango.

21 ga Nuwamba

Al'adata ta sake kusantowa, sikeli ya sake hawa, 79.2 yau bayan ya taɓa 78.3 a makon jiya. Na buɗe shafukan baya na jera makonnin nan uku da suka yi kama da juna. Na Satumba 81.9, na Oktoba 81.1, na wannan watan zai tsaya kusa da 78.9. Kilo uku cikin mako takwas, wato ƙasa da giram 400 a mako.

Wannan ya ɗan gaza abin da lissafin bangon littafi ya ce, kuma akwai dalili. Jikin da ya ragu yana ƙona kalori ƙasa da na da, don haka giɓin 500 da na fara da shi ya ɗan tsuke. Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka sun nuna wannan a 2011, cewa tsohon lissafin nan yana zuzuta abin da mutum zai rage in tafiya ta yi nisa. Ba zan cike giɓin da rage abinci ba. Zan ƙara minti goma a tafiyar yamma.

Ƙanwata ta turo mini hoton shafin littafinta. Nata ma ya yi tsalle da kilo ɗaya ranar Litinin, ta rubuta a gefe: gishiri, dogon zama a mota, a jira Alhamis. Gwaggo kuma kumburin ƙafarta ya sauka, tana kwana da matashi ɗaya.

Ƙuguna santimita 90. Zan ci gaba da awon safe da matsakaicin Lahadi, tef ɗin awo kuma sau ɗaya a wata, a rana ta bakwai bayan zuwan jini, lokacin da ruwan jikina ya fi daidaita. Ranar 2 ga Disamba zan koma a sake gwada sukarin jinina, kuma da littafin nan zan tafi.